Harafi Na Uku A Sunan Hassi

Duk shekara idan aka turo ɗalibai masu koyon aikin koyarwa makarantar unguwarmu a Anka, rigimarsu ta farko a ofishin hedimasta ba ta sauyawa: kowa aji shida yake so, in ya rasa a ba shi biyar. Wanda aka jefa aji ɗaya, abokansa har murna suke taya shi, wai ya samu hutu, tunda aikin waƙa ne da tafi. Ni na ajiye aiki, amma hedimasta yakan aiko a kira ni in duba masa su, saboda da baƙin gemu na shiga aji ɗaya, a cikinsa kuma ya yi fari. Sai in ja kujera in zauna a bayan aji in zuba ido. Kafin a fita tara wani yaro ya jiƙa wando, biyu suna kuka, ɗaya ya sulale ta taga ya bi innarsa, shi kuma mai hutun murya ta dishe, yana waige-waige yana neman ceto.

Bana sun zo da wata gardama da suke yi a gindin dogonyaro. Wasu na cewa makarantar gwamnati ta mutu, a miƙa ta ga masu makarantun kuɗi kowa ya huta, ƙungiyar malamai kuwa ba ta da aiki sai kare malalata. Wasu na cewa masu makarantun kuɗi 'yan kasuwa ne kawai. Suka ce in raba musu. Na ce ban iya raba gardama ba, amma zan rubuta musu yadda aikin yake, da labarin wata yarinya mai suna Hassi, wadda ita ce ta hana ni saurin yanke hukunci a wannan magana.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shafa wa allo baƙi ne. An tura ni wani ƙauye tsakanin Bukkuyum da Nasarawar Burkullu, na isa da takardar shaidata ina jin babu kamata, aka haɗa ni da Malama Rifkatu, wata Kirista mutuniyar Zuru wadda ta riƙe aji ɗaya tun ina wasan ƙasa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini tsofaffin batura da ƙaro da tsumma. Muka fasa baturan, muka daka baƙin cikinsu da gawayi, muka kwaɓa da ruwan ƙaro, na shafe allon bango har farcena ya daɗe bai koma fari ba. Ta ce yaron da ke ƙarshen aji ba ya ganin alli a kan allon da ya yi toka-toka, kuma ba zai faɗa maka ba, sai dai ka ga ya fara mintsinin na kusa da shi.

Sauran kayan aikin duk tsinto su ake yi. Karan dawa don zane, marafan kwalba da ƙwallon goruba don ƙidaya, da yashi mai laushi da muke ɗebowa daga rafi mu baje a inuwa. Ba a ba sabon yaro fensir, domin ko ya karya ko ya tauna ko ya soki ɗan'uwansa. A yashi ake farawa, inda kuskure ba ya barin tabo. Mafi yawan yaranmu sun riga sun fara karatun allo, don haka hannunsu daga dama yake tashi. Malama Rifkatu ba ta taɓa tsawata wa yaro a kan wannan ba. Sai ta ajiye masa ɗan dutse a gefen hagu, ta ce a nan makarantar daga wajen dutse ake tashi, a ta allo kuma ya bi yadda malaminsa ya koya masa.

Amma uwar aikin ita ce riƙon hannu. Za ka durƙusa a bayan yaro, ka ɗora tafinka a kan bayan hannunsa, ku ja zanen tare. Da farko kai ne mai ja, shi yana bi. In an kwana biyu sai ka rage nauyin hannunka, har ya zama taɓawa kawai kake yi. Ranar da ka ji hannunsa ya riga naka motsi, sai ka ɗaga a hankali, ka bar inuwar hannunka a kan nasa, ya ƙarasa yana zaton kana riƙe. In ka saki da wuri ya tsorata, in ka daɗe ya saba da jingina. Na yi shekara ina kuskuren wannan lokaci, tana tsaye a kaina tana cewa, "Isa, ka cika son a ga kyawun rubutunka. Nashi muke nema." Gwiwoyina da suke hana ni tsayuwar tarawihi yanzu, a wannan durƙuso na kashe su.

Iyayen yara su ne masu cinikinmu, kuma ba su da sauƙi. Manomi yakan kawo maka yaro bayan an kai amfani gida, ruwan farko na sauka ya zo ya ɗauke abinsa. Ranar kasuwar Bukkuyum aji rabi ne. Yaran rugage suna zuwa ba su jin Hausa sosai, dole na koyi Fulatancin zo da zauna da yi shiru, iyayensu suna dariyar yadda nake karya harshen. A da, abin da uba yake tambaya shi ne ko yaro ya iya karanta wasiƙa. Da aka shiga shekarun waya da makarantun kuɗi sai ma'aunin ya sauya: ɗan maƙwabci ya dawo daga Gummi da yunifom mai guga da jaka a baya, yana rera waƙar Turanci, naka kuwa yana zane a yashi da kara. Ban ga laifin uban da ransa ya sosu ba. Kuma gaskiya ce, a cikinmu akwai malaman da yara ba su san fuskarsu ba sai ranar da aka ji sufeto na tafe.

Na zaga ƙauyuka da yawa, daga baya aka maido ni wancan ƙauye na farko, Malama Rifkatu ta daɗe da komawa gida. A nan shekarar gubar dalma ta same ni. Mutane suna kawo dutsen zinariya cikin gida, mata suna dakawa a turmin da suke daka hatsi, ƙurar tana sauka a kan tuwo da shimfiɗa, yara ƙanana suka riƙa sanƙarewa suna mutuwa kafin a gane dalili. Wanda ya ga wannan shekara ba ya son a tuna masa. Hassi tana cikin waɗanda suka tashi. Ƙanenta bai tashi ba. Ita kuma ciwon ya bar ta da nauyin baki da nauyin fahimta, hannunta na dama yana ɗan rawa.

Innarta, Atine, ita ta riƙo ta har bakin aji bayan wasu shekaru, yarinyar ta girmi kowa a ajin. Ba a tambaye ta komai ba, na rubuta sunanta, domin makarantar gwamnati ba ta da ƙofar da ake tsayawa a zaɓi yaro. Shekarar farko ta tafi a kan zama wuri ɗaya da riƙe kara. Na lura da wani abu game da ita: sauran yara in an dawo hutu sukan manta kaɗan, ita kuwa in ta yi sati ba ta zana ba, komai ya zube, sai mun koma farko. Abin da ya zauna mata shi ne abin da hannunta ya maimaita kullum. 'Yan ajinsu suka wuce zuwa aji biyu, na roƙi hedimasta ya bar mini ita.

Ubanta, Mamman, mahaƙin zinariya ne, ba mugun mutum ba, amma ya gaji. Farkon daminar shekara ta biyu ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Mallam, ni ban hana ta ba. Amma ɗiyag ga kai ma ka san abin da ciwo ya yi mata. In kaka ta yi ta rubuta sunanta na gani da idona, ta zamna. In ba ta rubuta ba, ta komo gida ta kama ma uwatta aiki, a bar wahal da ita."

Na ce na yarda. Na san abin da komawa gida yake nufi ga yarinya irinta: zaman lungu, yara suna leƙowa suna kiran ta da sunan da ba nata ba. A aji kuwa tana da gurbi, tana da aikin share yashi da safe, ana kiran sunanta tana amsawa.

Na ajiye tsarin karatu gefe, na tsaya a kan haruffan sunanta da manyan baƙaƙe. Na farko sanduna biyu ne da gada a tsakani, ya ci mana makonni. Na biyu bukka ce da sanda a gicciye. Ranar da na ɗaga hannuna ta ƙarasa bukkar ita kaɗai, na ji daɗin da ban ji ba ranar da aka ƙara mini girma. Tana da wata ɗabi'a: in ta gama abin da ta iya, ba ta magana, sai ta ɗago hannunta ta kan kafaɗa, karan na ciki, tana jiran in kama. Saura harafi na uku, mai lanƙwasa kamar maciji. Shi ne mai wuya ga kowane yaro, don babu miƙaƙƙen layi a jikinsa, sai wuyan hannu ya juya nan ya sake juyawa can. In ta same shi, na huɗu maimaici ne, na ƙarshe kuma sanda ce guda. Muna shirin shigarsa aka kira yajin aiki.

Kada wani yaro ya ce muku don kwaɗayi muka tafi yajin nan. Albashi ya yi watanni bai zo ba, wanda ya zo a gutsure. Akwai malamin da na sani ya sayar da babur ɗin da yake zuwa aiki da shi don ya kai matarsa asibiti. Rufin ajina iska ta yaye shi tun bara waccan, in hadari ya taso sai mu tattara mu koma baranda. Ƙungiya ta yi ta rubutu da zama da manya, ba a kula ba. Ni da hannuna na ɗaga aka ƙidaya da ni a taron da aka yanke shawara. Kuma ƙungiyar nan ta taɓa tsaya mini, lokacin da wani ɗan siyasa ya so a jefa ni can ƙurya saboda na ƙi sallamar yara su je tarbarsa.

Aka rufe makaranta. Ni kuma na ci gaba da abin da na ɗauka ba laifi ba ne: bayan la'asar Atine ta turo Hassi, in baje yashi a gindin tsamiyar ƙofar gidana mu maimaita haruffa biyun nan don kada su zube. Yara ba a ɓoye musu abu. Kafin ka ce me, wurin ya cika da 'yan ajina, kowa da karansa. Labari ya kai Bukkuyum.

Malam Garba, sakataren ƙungiya na yankinmu, shi ya zo da kansa a kan babur. Abokina ne tun muna kwalejin horon malamai, ni na girme shi kaɗan. Ya tsaya ya kalli yaran har suka watse, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Mallam Isa, mi kaka yi muna haka?"

Na ce, "Ba aji na buɗe ba, Garba. Ɗiya guda ce, in ta huta komi nata zubewa yakai." Na ba shi labarin Mamman da alkawarin kaka.

Ya ce, "Na ji, kuma wallahi ta ban tausai. Amma kai ad dattijonmu. In anka ji kana karantarwa, gobe kowa ya hito da tashi Hassi, jibi manya su ce ai makaranta na tahiya, mi za mu biya? Kowane aji na ƙasag ga akwai irinta. In malamai sunka ƙare, wanga ya koma kabu-kabu, wancan ya koma haƙon zinari, wa za ya riƙa masu hannu baɗi?"

Na ce, "To waɗanda sunka tai Gummi suna karantarwa makarantun kuɗɗi cikin yajin ga fa? Su ba su karya ba?"

Ya ce, "Su abinci sunka tai nema, ba ni iya hana mutum ci. Kai aikin gwamnati kaka yi mata kyauta."

Har yau ina juya wannan amsa. Wanda ya je ya koyar da ɗan mai hali an kau da kai, ni da nake koyar da 'yar da ba ta da inda za ta je ni ne mai laifi. Abin ya yi mini ciwo. Amma kuma ban iya cewa Garba ƙarya yake yi ba, don na san yadda manya suke ƙirga irin wannan. Na ce masa na bari.

Na ɗauka yajin ba zai wuce 'yan makonni ba, sai na nemi dabarar da za ta riƙe haruffa biyun kafin mu dawo. Na sa mai ɗakina ta kira Atine cikin gida, aka zuba yashi a faranti. Ni ba ni da halin riƙe hannun matar mutum, don haka na riƙe na mai ɗakina muka zana, ita kuma ta riƙe na Atine, Atine ta riƙe na 'yarta. Atine ba ta taɓa shiga aji ba, tana ta dariya tana rufe fuska, amma kafin magariba ta iya sanduna da bukka. Na ce kullum su yi, safe da yamma. Na ukun ban nuna mata ba, na ce wannan sai na dawo, don in aka koya shi a karkace gyaransa ya fi koyonsa wuya.

Yajin ya ja. Na koma gona gadan-gadan, na yi ƙwadago a gonar wanda na koya wa riƙon fensir, yana jin kunya ina jin kunya. Gero ya nuna, aka yanke, aka ɗaure, makaranta tana rufe, awaki suna kwana a ajina. Mamman ya samu wani abu a ramin zinariya a shekarar, ya ce ya gaji da jiran gwamnati, ya kwashi 'ya'yansa maza ya kai su makarantar kuɗi a Gummi, wajen ƙanwarsa. Atine ta matsa aka tafi da Hassi. Aka yi musu gwajin shiga, aka ɗauki mazan, aka ce ita a koma da ita.

Mai makarantar, Bashiru, ɗalibina ne, ni na ajiye masa dutse a hagu. Na hau motar kasuwa na same shi. Gaskiya abin da na gani ya burge ni: kowane yaro a kan benci, allo baƙi wuluk, malamai suna aji kafin a buga ƙararrawa, don sun san wanda ya makara sau biyu ba sai an kai takarda ko'ina ba. Na ga malamanmu biyu a ciki, suka sunkuyar da kai. Bashiru ya durƙusa ya gaishe ni, ya sa aka kawo mini lemo. Na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Baba Mallam, in na ɗauke ta, wa za ya zamna da ita? Malamata guda tana da aji cike, iyaye kuma ƙarshen zango sakamako suka so su gani. In sunka ga ɗiyansu na zama da wadda ba ta magana, wallahi sati ba ya yi sun kwashe su sun kai makarantar gaba. Ni ba gwamnati ba ne, in yara sunka tai, rufewa zan yi. In na amshi kuɗɗin ubanta na aje ta bayan aji tana kallo, na cuce shi. Ka hi son in yi haka?"

Na ce a'a. Ban ji haushinsa ba, ko kaɗan. Ya faɗi gaskiyar sana'arsa ne, kuma ya fi waɗanda za su karɓa su yi shiru. Na hau mota na dawo gida.

Da aka janye yajin, an biya mu wani abu, an yi alkawarin saura, aka kuma kafe rufin wasu azuzuwa, har da nawa. Wannan ribar yajin ce, ba zan ɓoye ba. Amma ajin da na koma rabinsa babu. Masu ɗan hali sun tafi Gummi, wasu sun bi ramukan zinariya. Hassi ba ta dawo ba. Kaka ta wuce, suna bai rubutu ba, Mamman ya cika maganarsa, daga baya ma ya kwashe iyalinsa suka koma wani ƙauye kusa da inda yake haƙa. Ba a jima ba ni ma aka yi mini canji zuwa Anka.

To ku masu gardama, ga abin da na iya gani. Makarantar kuɗi tana koyarwa, wasu ma da kyau, amma tana da ƙofa, kuma dole ta kasance da ita in tana son ta rayu. Ta gwamnati ba ta da ƙofa, shi ya sa kowa yake shiga, har da iska da awaki da malamin da ba ya zuwa. Ƙungiya ta kare ni ranar da ba ni da kowa, ita ce kuma nake gani tana kare wanda ya kamata a kora, kuma makaminta guda ɗaya in ta zare shi ba a kan manya yake fara sauka ba, don nasu 'ya'yan ba sa ajinmu. Wanda ya ce a sayar, ina tambayarsa inda za a kai wadda aka ce a koma da ita. Wanda ya ce a bar komai yadda yake, ina tambayarsa ko ɗansa yana wace makaranta. Yawanci a nan hira take mutuwa.

A shekarata ta ƙarshe a aiki ɓarayin daji suka tsananta, ƙauyuka suka riƙa watsewa. Wata safiya muka zo muka tarar an sauke 'yan gudun hijira a makarantarmu, mata da yara da tsofaffi, da tabarmi da tukwane, an ba su azuzuwan baya. Muka matse a na gaba muka ci gaba da karatu. Bayan kwana biyu ina baje yashi a inuwa kamar kullum, sai wata mata ta tsaya daga nesa ta yi sallama, ta ce, "Mallam Isa, ba ka gane ni ba?"

Atine ce, ta rame ta yi baƙi. Na tambayi Mamman, ta ce an kashe shi a hanyar gona. Na yi mata ta'aziyya. A bayanta akwai budurwa doguwa cikin hijabi, tana kallon yashin, ba ni take kallo ba. Kafin uwar ta ce wani abu, yarinyar ta zo ta durƙusa, ta share wurin da tafin hannu kamar yadda take yi a da, ta ɗauki kara. Ta nemi ɗan dutse ta ajiye a hagu. Ta ja sanda, ta ja sanda, ta sa gada. Ta yi bukka ta gicciya mata sanda. Sun fita tsaf, babu rawa.

Atine ta ce, "Kullum muna yi, Mallam, sahe da marece, yadda kac ce. Ko ranar da munka kwana daji sai da ta yi ga ƙasa. Nan muka tsayawa. Ba mu san abin da ag gaba ba."

Sai Hassi ta ɗago hannunta ta kan kafaɗa, karan na ciki, tana jira.

Na tsaya a kanta na rasa abin yi. Yarinyar da nake durƙusawa a bayanta ta zama mace, ga mutane suna kallo, ba ni da halin kama wannan hannu, mai ɗakina kuma tana gida. Ita ba ta san an yi shekaru ba, hannun yana nan a sama. Ban taɓa jin kunyar sana'ata da tausayin mutum sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba.

Na je jikin dangar makaranta na zaro karan dawa mai tsawo. Na sa Atine ta karɓi guntun ta ba ta wannan, ta kama ƙasa, ni na kama can sama daga tsaye. Na ce, "Hassi, maciji za mu yi. Mu tai nan, mu komo nan." Karan ya yi ta karkacewa, don jan zane daga nesa ba kamar riƙon hannu ba ne, sai na koyi aikin sabo a shekarar da zan bar shi. Muka yi, ta share, muka sake.

Haka muka riƙa yi kowace safiya kafin a buga ƙararrawa, uwar tana zaune a gefe tana bi da yatsa a ƙasa. Rani ya yi nisa, aka fara maganar za a mayar da su wani wuri. Wata safiya muna tsakiyar lanƙwasa ta farko na ji karan ya riga ni juyawa. Na buɗe yatsuna a hankali, na bar hannuna a sama kusa da shi. Ta juya, ta sake juyawa, ta sauka. Ya fito da ƙaton kai da ɗan guntun wutsiya. Ta yi na biyu a gefensa, ta ja sandar ƙarshe, ba ta waiwayo ba.

Atine ta matso ta daɗe tana kallon yashin, sannan ta ce, "Shi ke nan duka, Mallam?"

Na ce, "Shi ke nan. Sunanta ne."

Ta ce, "Da ubanta ya gani."

Aka buga ƙararrawa, 'yan aji ɗaya suka taho da gudu za su bi ta kan yashin, na tare su na ce yau ta baya za a zaga.